Atishawar Ladan

Ni dai gero bai taɓa so na ba, ko da yake shi ya raine ni. Tun ina yaro, da damina ta yi tsakiya gero ya fid da kai ya fara zub da bununi, sai hancina ya ɗauki gaba da ni. Ido ya kaɗa ya yi ja, ya riƙa zub da ruwa kamar an aiko mani da rasuwa. Maƙogwaro ya riƙa ƙaiƙayi can inda yatsa ba ya kai. Atishawa kuwa ba ta zuwa ita kaɗai, sai ta jero kamar awakin da anka buɗe wa garke. Haka za ni yi ta fama har a yi girbi, a ɗaure, a sussuke, a sheƙe, ƙaiƙayi ya kwanta. Sa'annan hanci ya buɗe mu shirya, sai kuma baɗi.

Bagobiri, manomi ɗan manomi, a ce gero ne ciwonsa. Mahaifina ya ce lalaci ne. Mahaifiyata ta ce iska ce, ta turara ni da saiwoyi har na fi kifin banda shan hayaƙi. Ni da na yi boko har aji huɗu kafin a ga gona ta fi allo buƙatata, na zauna na yi nazarin lamarin a ilmance, na gano cewa hancin ne kawai ba shi da kunya.

Amma Allah da ya hana ni hanci sai ya ba ni murya. Da yake ba ni iya tsayawa masussuka, lokacin kaka nakan fake a inuwar masallacin unguwarmu nan Sabon Birni, ina share majina da gefen riga. Wata rana tsohon ladanin ya yi tafiya, anka duba ba a ga wani mai zaman banza ba sai ni, anka ce in hau in kira. Na hau matakalar ƙasa, na toshe kunne, na saki murya. Tun daga ranar ban sauka ba. Na yi aure ina kira, anka haifa mani ɗiya ina kira, na aurar da su ina kira, gemu ya yi fari ina kira. Ba sarauta ba ce, babu rawani babu albashi, sai ɗan damin da maƙwabta kan aiko da kaka, na geron nan dai maƙiyina. Amma in ka tambayi yaro a unguwar gidan wane ne wancan, ba za shi faɗi sunana ba, cewa za shi yi gidan Ladan. Ni kaina in an kira ni da sunan yanka sai na yi jim kafin in waiwaya.

Da can ciwon bai hana ni komai ba. In na yi atishawa bisa matakala, ni da tsuntsaye munka sani. Abubuwa biyu sunka taru sunka tona mani asiri. Na farko, unguwa ta haɗa hannu ta sayi lasifika da batir da faifan sola, anka sa na'urar cikin akwatin ƙarfe, anka miƙo mani ɗan makulli da igiya na rataya a wuya. Na biyu, daji ya ƙi shiguwa. Wanda ke nan ya san abin da nike nufi, ba sai na tsawaita ba. Gonakin nesa anka bar su, kowa ya matso ya shuka har gindin katanga, kuma ba mai yarda ya bar dami ya kwana a gona, balle mata su yini can suna sussuka. Sai a kwaso a kan babura da amalanke a zube cikin gari. Filin da ya fi kowane faɗi a unguwarmu kuwa shi ne na bayan masallaci, daidai tagar da nike tsayawa.

Wata azahar ce. Mata sun cika filin da turame, wasu na sheƙa, iska na kwaso ƙaiƙayi tana turo mani ta taga kamar aike. Na buɗe akwati, na kunna, na fara. Ina cikin shahada ta biyu na ji atishawa ta taso tun daga ƙashin hanci. Na danne, ta ƙi. Ta fashe a cikin lasifika, har kurciyoyin kan rufi sunka watse. Bakina kuma, da ya saba tun yarinta, bai yi shawara da ni ba ya ce alhamdu lillahi, shi ma a cikin lasifika.

To, Musulmi ya ji ɗan'uwansa ya yi atishawa ya gode wa Allah, me ya rage masa? Taɓare sunka tsaya cak. Daga filin nan, daga cikin gidaje, daga rumfar mai shayi, na ji unguwa guda ta amsa, yarhamukallah. Ban ƙarasa kiran ba sai da anka yi mani addu'ar nan har wasu sunka fara amsawa da dariya a ciki.

Da abin ya tsaya rana guda, da labari ne na hira. Amma kullum ne, kusan kowace sallah. Har gardama ta tashi a majalisa, wai atishawar da ta biyo ta waya da batir tana wajabta amsa ko ba ta wajabtawa. Anka kai wa liman. Liman mutum ne mai sanyin hali, ƙanen bayana ne a shekaru, ya ce abin da ya sani dai, in ta wuce uku mura ce, an sauke wa kowa nauyi. Daga ranar mutane sunka koma lissafa mani. In na yi ta huɗu sai in ji wata tsohuwa daga bayan danga ta ce, “Mun sallame ka, Ladan, Allah shi ba da lahiya.” Ni ma ina dariya tare da su. Amma in na koma gida, kai na sara, ido a kumbure, sai in zauna a zaure in rasa abin da ke mani daɗi.

Wata rana bayan magariba liman ya riƙe hannuna har kowa ya fita. Ya yi ta zagaye, ya tambayi iyali, ya tambayi gona, sa'annan ya ce, “Ladan, ko a samo maka mai taimako, ka ɗan huta har kaka ta wuce?”

“Allah gafarta Malam, hutun mi? Ni na ce na gaji?”

“A'a, ba ka ce ba.”

“To, hanci na ag gaji, shi kuwa ba shi ka kira ba.”

Ya yi murmushi ya sake ni. Amma na san irin wagga magana. Mai taimako yau, magaji gobe. Na kama makullin da ke wuyana na tura shi cikin riga.

A nan taubashina ya shigo. Ɗan kawuna ne, sa'ana, tun muna tsirara kowa ke cewa ɗayan bawansa ne, har yau ba a raba gardamar ba. Fatauci yake yi, ya ci kasuwar Bafarawa da ta Isa, ya tsallaka Nijar da kaya ya dawo da wasu, ko da yake yanzu ƙafa da hanya sun rage masa zirga-zirga. Ya same ni a zaure na rufe fuska da tsumma.

“Bawana, an ce ka koma yi ma gari wa'azi da hanci. Har Kurawa an ji ka.”

“Wa ya ba bawa izinin shigowa da takalmi?”

Ya zauna, ya laluba aljihu, ya jefo mani ɗan kwali a cinya. Ya ce can ƙetare ya saye shi a farmasi, shagon magani, don tausayin unguwa ba don ni ba. “Abu biyu na cikin ƙwaya guda. Guda shi tsai da ruwan ido da atishawa, guda shi buɗe hanci. Mutanen can da shi su ka sussuka.”

“Nawa a ka sha?”

Ya sosa ƙeya. Mai farmasin ya faɗa masa, amma tsakanin can da nan akwai shingaye da yawa, maganar ta zube a hanya. Na ce ba komai, ai gidan ilimi ya kawo. Na sa tabarau, na juya kwalin gaba da baya. Haruffan dai irin namu ne na aji huɗu, sai dai Faransawa sun jera su da mugunta, babu kalma guda da ta gaishe ni. Na yi gyaran murya na ajiye.

Mu mutanen nan ba da awa muke auna rana ba, da sallah muke aunawa. In za ka zo, bayan la'asar. In za a ɗaura aure, bayan azahar. Rubutun sha ma da sallah ake shan shi. Ciwon kuma a bakin kira yake kama ni, kira kuwa biyar ne. Taubashina ya ce lissafin ya fita, ni ma na ce ya fita. Ƙwaya guda kafin kowane kira. Tsofaffi biyu masu furfura munka yanke wanga hukunci, babu wanda ya ɗaga murya.

Mai ɗakina tana jin mu daga tsakar gida. Ta leƙo ta ce, “Malam, hawan jinin naka hwa? Ba ka kai shi a duba maka ba?”

“Wanga na hanci na, ina ruwanshi da jini? Kowa da unguwarshi.”

“To, likita,” in ji ta, ta koma ga tukunyarta.

Gaskiya ba za ni ci amanar maganin nan ba, ya yi abin da anka ce yana yi. Ban daɗe da haɗiye ta farko ba na ji hanci ya buɗe, iska ta shiga har tsakar kai. Ido ya bushe. Na fita na bi ta gefen masussuka da gangan, ina tafiya a hankali kamar mai duba gonar gado. A ranar na fara jin ƙamshin sabon gero. Na tsufa a cikin gero, na ci shi tuwo na sha shi fura, amma ban taɓa sanin haka yake ƙamshi lokacin da ake sussukarsa ba, don duk shekara a lokacin hancina a rufe yake. Na tsaya nan har wata mata ta ce, “Baba Ladan, lahiya?” Na ce lahiya lau, aiki nike dubawa. Na shiga na yi kira tun daga farko har ƙarshe babu tangarɗa. Mai shayi ya ce har ya buɗe baki zai amsa, ya ji shiru, ya rasa inda za shi kai addu'ar.

Daɗin bai yi nisa ba. Maganin da ya busar da hanci bai san iyaka ba, ya bi ya busar da baki da maƙogwaro, harshe ya koma kamar tsohon takalmi. Ina shan ruwa kamar raƙumi, amma in na ɗauki buta na zaga, sai in yi ta tsugunno abin ya ƙi zuwa sai ɗigo, ga lokacin alwala na wucewa. Zuciya ta riƙa bugu kamar ana kiɗan noma a ƙirjina. Abin da ya fi gajiyar da ni kuwa, rabin ƙwayar na ja na zuwa barci, rabin na fizgo ni, kamar jakai biyu da anka ɗaure da igiya guda kowa ya nufi gidansu. Da rana ina gyangyaɗi a zaune, in na kwanta ido ya bushe ƙyam. Har makulli sai na yi ta lalube kafin ya shiga kwaɗo. Mai ɗakina ta ce na rame. Na ce tsufa ne. Ta ce tsufan mako guda ba ta taɓa ganin irinsa ba.

Na san daga ina abin yake, ba wawa ba ne ni. Amma duk lokacin da na ɗauki ƙwayar na yi kamar in mayar, sai in tuna hannun liman a kan nawa. Sai in haɗiye.

Ranar da abin ya ƙare la'asar ce, ranar kasuwa, masallaci da baƙi. Na tashi daga tabarma ƙasa ta ɗan juya, na dafa bango ta tsaya. Na kunna na'ura, na yi kabbarori, na yi shahada, murya na fita a bushe kamar ana yaga buhu. Da na zo hayya alas salah, inda nakan ja har sai mutanen bakin gulbi sun ji, na ja, numfashi ya yanke a tsakiya. Na nemi iska ban samu ba. Kunne ya ɗauki ƙara, bango ya yi duhu. Ban faɗi warwas ba, zamewa na yi na zauna, abin magana na reto a kan igiyarsa bisa kaina.

Kiran sallah ba a barinsa a rataye. Ina nan zaune na ga ƙafafu sun tsallake ni, na san faso ɗin nan ko a cikin dubu. Taubashina ne. Ya kama abin magana ya ɗauka daga inda na tsaya. Murya gare shi kamar ana jan gwangwani a kan tsakuwa, amma ya kai shi har la'ilaha illallah. Sa'annan ya durƙusa ya tallabe ni. Na jira ya ce wani abu, don wagga dama ce da bawa ba ya samun irinta sau biyu. Tun da nike da shi ban taɓa ganin bakinsa a rufe ba sai ranar, kuma shirun nan ya fi faɗuwar ba ni tsoro.

A kan kabu-kabu anka kai ni asibiti, mai babur a gaba, ni a tsakiya, taubashina a baya ya rungume ni kamar buhun da ake tsoron ya zube. Wata ma'aikaciya, sa'ar ɗiyata ta tsakiya, ta naɗa mani abin awo a dantse. Ta duba, ta sake dubawa, ta dube ni.

“Baba, me kake sha?”

Taubashina ya miƙa kwalin, kansa a ƙasa. Ta juya shi ta ce, “Sau nawa?”

“Kowace sallah,” na ce.

“Har da nafila?”

“Ɗiyata, farilla kaɗai. Ba mu da zari.”

Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, sa'annan ta yi mana faɗa mu biyu kamar yaran da anka kama a gonar rake. Ta ce ciwona ba mura ba ce, jikina ne ba ya shiri da bununi da ƙurar hatsi. Ta ce maganin ba jabu ba ne, yana yi wa masu shi aiki, amma ko saurayi mai jini a jika ba a ce ya sha shi haka ba. Ɓangaren da ke buɗe hanci shi ke ɗaga jini ya sa zuciya gudu, ga shi yana riƙe wa tsofaffi fitsari, mai hawan jini irina bai kamata ya kusance shi ba sai da izinin likita. Ta karɓe kwalin ta jefa a aljihun tebur. Ta rubuta mani wani ƙarami, mai tsai da atishawa kaɗai, guda a yini. Ta ce in riƙa rufe hanci da rawani, in nisanci masussuka, in riƙa shaƙa ruwa mai ɗan gishiri ina fyacewa. Na ce shaƙa ruwa ai tun kafin a haife ta nike yi sau biyar. Ta ce to in ƙara gishiri. Ta ce kuma ɗaga murya a dakata har jini ya sauka.

Da munka dawo na cire igiyar daga wuyana na miƙa wa taubashina a gaban liman. Na ce aro ne, har a gama sussuka, kuma a shaida bawa ba ya gadon ubangidansa da rai. Liman ya ce an shaida.

Sauran kakar a zaure na yi ta. Sabon maganin ya rage atishawa, hanci dai rabi a buɗe rabi a rufe, ƙamshin gero kuma bai sake zuwa ba. Lokacin kira na yi jikina ke tashi da kansa, sai in tuna in koma in zauna, in saurari gwangwani. Yana gaggawa inda ake ja, yana ja inda ake yankewa. Kullum in ya biyo sai na gyara masa, ya ce ko ba komai shi bai taɓa sa unguwa yi masa addu'ar dole ba. Wuyana kuma ya riƙa jin babu, hannu na kai wa wurin igiyar yana dawowa.

Anka gama sussuka, anka share fili, turame sunka koma gidajensu. Hanci ya buɗe kamar yadda ya saba. Wata hantsi da gida ya yi shiru na shiga ɗaki na tura ƙofa, na fuskanci gabas, na toshe kunne, na gwada a hankali. Kabbarori sun fita. Shahada ta fita. Na zo wurin nan dai, na ja, sai na ji numfashin ya tsaya inda ya tsaya ran nan, ƙirji ya fara kiɗansa. Na huta na sake. Nan dai. Ko maganin ne ya tafi da shi, ko dama ya daɗe da tafiya atishawa ce ta rufe mani, ban sani ba, aji huɗu bai kai nan ba. Da na fito mai ɗakina na bakin ƙofa tana tankaɗe. Ta ji duka. Ba ta ɗago ba, ta ce, “In dama maka hura?” Na ce ta dama.

Da yamma taubashina ya yi sallama, igiyar a hannunsa ba a wuya ba. Ya ajiye ta a kan tabarma tsakaninmu.

“Ga kayanka. An ƙare sussuka, ni kuwa kasuwa na kirana.”

“Wace kasuwa? Ƙahwar da ko masallaci sai ta huta sau biyu?”

“Ɗauki dai, bawana. Ni na kawo maka kwalin nan, ni za ni maida maka makullinka.”

Na dubi igiyar. Ta yi baƙi da gumin wuyana, nashi bai ko fara kama ta ba. Na tura masa ita da yatsa.

“Riƙe. Ubangida ba ya aiki ga bawa zaune. Amma don Allah ka riƙa ja wurin hayya alal falah, ba korar awaki a ka yi ba.”

Ya daɗe bai taɓa ta ba. Sa'annan ya ɗauka ya rataya, ya ce murya dai ba a gadonta, in ina so in ara masa tawa. Na ce in na gano inda na ajiye ta za ni aiko masa.

Har yau gidan Ladan ake ce wa gidana, shi kuwa ana ce masa mai kira, kuma na hana kowa gyara wanga kuskure. In gero ya fid da kai ina haɗiye 'yar ƙwayata guda da safe, in ja rawani bisa hanci. In atishawa ta zo duk da haka, mai ɗakina kaɗai ke amsawa, uku cif, ta huɗu ta ce in matsa mata daga kan garin tuwo. Nakan riga kowa zuwa masallaci in zauna sahun gaba, nesa da taga. In taubashina ya fara sai in riƙa amsawa ƙasa-ƙasa kamar sauran mutane. Amsawa ba wuya gare ta ba, numfashi kaɗan take ci. Sai dai wani lokaci nakan riga shi isa gaɓar, in tsaya in jira shi.